Hancin Kamfanin Sha'ir

Duk ranar Juma'a in mun taru a falon gidan nan namu na unguwar Manfuha bayan an sauko daga masallaci, sai wani cikinku ya tsokane ni. Makon jiya Isuhu ne, direban nan ɗan Damagaram, ya ce, "Baba Haladu, kai ai ka huta. Mu muna gasuwa a rana, kai kana cikin sanyin na'ura ana biyan ka don ka sha lemo." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. To tunda shinkafar yau ba ta nuna ba, ku gyara zama in ba ku labarin shan lemon nan.

Ni da kafaɗa na zo Riyad, ba da hanci ba. Abin da aka rubuta a iƙamata, wato takardar izinin zama da aiki, lebura ne. Kamfaninmu na can Sina'iyya, unguwar masana'antu, muna yin lemon sha'ir, wato malt ɗin nan na kwalba da babu giya a ciki. Tsirarren sha'ir daga ƙasashen waje yake zuwa ta jirgin ruwa, a sauke a Dammam, manyan motoci su kawo mana. Aikina shi ne in ɗauko buhu, in farke bakinsa da wuƙa, in juye a bakin injin niƙa. Shekara huɗu ina wannan.

Wata safiya na farke wani buhu, sai na tsaya. Ƙwayar a bushe take, tana da kyau a ido, amma warin da ya bugi hancina irin na rumbun da ruwa ya shiga ne. Foman ɗinmu ya hango ni a tsaye, ya ce, "Yalla, ya Khalid, zuba." Haka Larabawa ke kiran sunana. Na ce masa buhun nan ya sha rima. Ya zura hannu ya ce a bushe yake. Na ce ni dai ba zan zuba ba. Muna cikin haka sai ga wani farin tsoho mai jan wuya yana wucewa, shi ne shugaban ɗakin gwaji. Sunansa Mista Emon, mutumin ƙasar Ailan, Larabawa kuwa Aiman suke ce masa. Ya ɗebi ƙwayar ya hura mata numfashi cikin tafin hannunsa, ya shinshina, ya jefa biyu a baki ya tauna. Ya sa aka kawo buhu shida daga mota uku dabam-dabam, aka juya tambarinsu ya fuskanci bango, ya ce in ware masa waɗanda ban yarda da su ba. Na ware biyu. Da aka juyo su, duka biyun daga mota ɗaya suke da buhun farko.

Ya tambaye ni da gurguwar Larabcinsa, "A ina ka koyi wannan?"

Na ce, "Wajen innata a Funtuwa. Kunun zaƙi take sayarwa. Ita ke tsirar da dawarta, in ta shanya ni nake juya mata. In tsiron ya fara lalacewa tun daga bakin ƙofa muke ji."

Ya ce, "Gobe kada ka zo nan. Ka hawo sama ka same ni."

Sai da na yi mako a ɗakin gwaji kafin na san abin da tsohon ya yi da rayuwarsa. Shekara talatin ya yi a gidan da ake yin wiski a ƙasarsu, shi ne mai zaɓen gangar da ta nuna da wadda za a ƙara wa lokaci. Da na ji haka sai na tafi wajen limamin wani ƙaramin masallaci a unguwar Ulaisha, mutumin Sudan, na zayyana masa. Ya ce, "Za ka sha?" Na ce a'a. "Za ka dafa, ko za ka sayar?" Na ce babu ko ɗigonta a kamfaninmu. Ya ce, "To hancinka zai horar, abin da kuke yi kuma halal ne. Je ka koya."

Shi ma Mista Emon bai taɓa yi mini tallar abin ba. Amma mutum ba ya koyar da kai sai da abin da ya sani, saboda haka duk misalinsa daga can yake ɗaukowa. Wata rana na ce masa, "Wai me ke cikin wiskin nan da har mutum zai ƙarar da shekara talatin a kansa? Mu dai abin da muka sani game da giya shi ne mutum ya sha ya faɗi a kwata."

Ya ce in ba shi kwana biyu.

Ranar da ya cika alkawari na tarar ya jera abubuwa a kan teburin ƙarfe: yankan koriyar tuffa, zuma a cokali, zabibi da aka jiƙa, burodin da aka gasa ya yi ja, da wani guntun katako da aka babbake gefensa ɗaya. Ya ce katakon sabo ne, bai taɓa haɗuwa da giya ba, don kada in ji wani abu a raina. Sannan ya yi mini bayani. Irin wanda ya yi wa aiki, da tsirarren sha'ir zalla ake yin sa, ba a gauraya shi da wani hatsi, kuma gida ɗaya ne ke yin sa daga farko har ƙarshe, ba a haɗa shi da na wani gida. A tukunyar jan ƙarfe ake tace tururinsa, galibi sau uku a ƙasarsu, shi ya sa yake da laushi. Yawanci ba sa bari hayaƙi ya taɓa tsiron wajen busarwa. Daga nan a zuba a gangar katako a rufe, a ƙalla shekara uku, wani sha biyu, wani ashirin. Ya ce akwai gangunan da ya buɗe waɗanda masu cika su sun mutu tun kafin a ɗauke shi aiki.

Ya ce in rufe ido. Ya kawo tuffar kusa da hancina ya janye. Ya kawo zumar ya janye. Burodin, zabibin, sannan katakon, wanda ya bar shi ya daɗe. Ya ce, "Abin da ka ji yanzu shi ne wiskin garinmu, in an cire wiskin. Tuffar ce ke fara yi maka sallama, ba ta zama. Zuma da burodi su ne 'yan gida. Katakon shi ke raka ka har waje. Mai sha don ya bugu ba ya jin ko ɗaya. Ni kuwa a aikina, in na duba ganga ɗari, da ƙyar biyar ke taɓa harshena, su ɗin ma tofarwa nake yi. Hanci ne ke aikin."

A ranar na gane cewa ƙamshi ba tare yake zuwa ba, layi yake bi. Akwai na gaba, akwai na tsakiya, akwai wanda ke saura bayan ka haɗiye. Duk abin da na yi a sana'ar nan daga baya a kan wannan na ɗora shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Kofin gilashi mai tumbi da tsukakken baki, don ƙamshin ya taru ya fito ta hanya ɗaya. Murfin gilashi a kansa. Ruwa marar ɗanɗano, wanda ake ɗiga kaɗan a kofi, domin ruwa na kwance ƙamshin da ya ƙulle, kamar yadda yake yi wa wiskinsu in ji shi. Busasshen biskit marar gishiri don share baki. Ba a cusa hanci cikin kofi a ja iska da ƙarfi, hancin zai toshe. A hankali ake kusantowa, baki a ɗan buɗe. In hanci ya gaji, sai ka shinshini fatar damtsenka, ya dawo daidai. Kofin kuwa ba a wanke shi da sabulu mai ƙamshi, kuma ba a goge shi da tsumma. Wata uku na farko wankin kofi kawai na yi, da gwajin kofi uku: biyu iri ɗaya, ɗaya dabam, ka nuna dabam ɗin. Kullum sau goma.

Ku da kuke cewa aikin hutu ne, ku ji abin da na bari. Na bar goro, wanda tun ina saurayi nake ci. Na bar yaji da safe, na bar shayi mai kanumfari kafin aiki. Na bar turare, a garin da ko ofishin gwamnati ka shiga sai an zagaya da kaskon turaren wuta na bahur. Ranar Juma'a kawai nake shafawa, ita ma rigar dabam nake ajiye ta. Akwai ranar da na gaisa da wani baƙo a bakin ƙofar kamfani, ashe hannunsa da man turaren udu. Mista Emon ya kore ni daga ɗakin gwaji har azahar.

Abin da ya fi burge shi kalmominmu ne. Ya ba ni littafi ya ce in rubuta abin da na ji da harshen da na ji shi. Sai na riƙa rubuta gardi, bauri, gafi, ƙauri, maƙaƙi, lami. Ya ce in fassara masa gardi. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na sayo gyaɗa ɗanya da soyayya na ba shi. Ya tauna ya ce, "Mu sai mun yi jimla guda kafin mu faɗi wannan." Har ya bar ƙasar nan, in tanki ya yi kyau, gardi yake rubutawa a takardar kamfani.

Aikin da ya sa aka canja mini iƙama daga lebura zuwa ma'aikacin gwaji, ana saura mako biyu azumi ya faru, lokacin da kowane kanti ke jiran kaya. An kawo mini kofi daga babban tanki, na ɗaga murfi, sai na ji dafaffiyar masara can ƙasa, bayan zaƙin. Ba ta da ƙarfi, amma tana nan. Na'urorin ɗakin gwaji duk sun ce lafiya: sukari daidai, launi daidai. Mista Emon yana hutu a ƙasarsu. Na ƙi sa hannu.

Mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, Abu Nayif, ya hawo da kansa. Mutum ne mai haƙuri, amma ranar fuskarsa ba kyau. Ya ɗauki kofin ya kurɓa ya ce, "Ya Khalid, ni ban ji komai ba. Motoci na jira a waje."

Na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu da sanyi ba za ka ji ba. In ya kwana biyu a kanti, wanda ya buɗe shi da buɗa-baki zai ji."

Ya ce, "In na tsayar da layi aka duba ba a ga komai ba fa?"

Na ce, "Sai ka mayar da ni ɗaukar buhu."

Ya ɗaga waya ya kira masu gyara. Warin masara na zuwa ne in ruwan sha'ir bai tafasa da ƙarfi ba, domin tafasar ce ke kore shi ta bututun sama. Da suka kwance, sai ga bawul ɗin tururi ya tsaya a rabi. Ma'aunin zafi na nuna daidai, amma tukunyar ɗan motsi kawai take yi a hankali. Aka zubar da tankin. Abu Nayif bai ce mini sannu ba ranar, amma bayan salla ya aiko a karɓi fasfona don gyara takarda.

Masu saye ma suna koya maka. Wani mai kanti a unguwar Suwaidi ya yi ta dawo da katan-katan yana cewa kayanmu na warin jiƙaƙƙen kwali. Aka tura ni. Na tarar yana jibge su a bayan kanti, jikin bangon da rana ke duka tun hantsi. Ban yi masa gardama ba. Na buɗe kwalba ɗaya daga can, ɗaya daga motarmu, na zuba masa a kofuna biyu na ce ya rufe ido. Ya shinshina ya buɗe ido ya ce, "Wallahi wannan kamar dabino, wannan kamar tsohuwar jarida." Da kansa ya kwashe su zuwa inuwa. Har yau in na bi ta layin sai ya tsayar da ni na sha gahawa.

Mista Emon ya yi ritaya ya koma gida, aka bar mini ɗakin. Bayan shekara biyu sai ga korona. Zazzaɓin bai wahalar da ni ba, kwana biyar na warware. Ranar da na koma aiki na ɗaga murfin kofi, ban ji komai ba. Na ɗaga na biyu, haka. Na fita na buɗe galan ɗin sinadarin wanke tanki, wanda ke sa mutum hawaye daga nesa, na kai hanci. Kamar ruwa.

Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu na yi ina sa hannu da duban launi da lambobin na'ura. Iƙamata a kan aikin nan take, yarana uku na makaranta a gida. A rana ta uku na riƙe biro a kan takarda na kasa. Na sauka ofishin Abu Nayif na ce masa hancina ya tafi, kuma tankuna huɗu sun wuce da sa hannuna ban ji su ba, a riƙe su. Ya sa aka riƙe, aka aika samfurinsu wani ɗakin gwaji, Allah ya taimake ni suka fito lafiya. Sannan ya ce, "Likita ya ce zai dawo?" Na ce likita ya ce wasu ya dawo musu, wasu bai dawo ba. Ya ce, "Ka koma wankin kofi. Zan jira ka zuwa lokacin sabunta iƙama. Bayan nan ba a hannuna yake ba."

Na kira Mista Emon ta waya mai hoto. Yana zaune a kicin ɗinsa da rigar sanyi. Ya saurare ni har na gama, ya ce in nemo ƙananan kwalabe huɗu, in sa kanumfari a ɗaya, ɓawon lemon tsami a ɗaya, ruwan wardi a ɗaya, na huɗun in sa abin da na fi sani a duniya. Na sa daddawa. Ya ce safe da yamma in shinshini kowace, ko ban ji komai ba, ina tuna yadda take a da. Duk ranar Asabar shi ke kira ya tambaya.

Wata uku babu labari. A na huɗu abin ya fara dawowa a karkace: gahawa warin ƙonanniyar taya, albasa warin kwata, nama ba ya ciwuwa. Na rame. Ya ce wannan alheri ne, hanyar ce ke buɗewa. A wata na shida ina alwala da safe, Isuhun nan da ke dariya yana soya ƙwai a kicin, sai na ji ƙauri. Na ce masa, "Ƙwanka ya kama." Ya ce, "Baba, daga banɗaki ka ji?" Na zauna a bakin famfo, na daɗe ban tashi ba.

Abu Nayif ya gwada ni da kansa. Karon farko na faɗi, ya ce in dawo bayan mako uku. Karo na biyu na wuce. Saura wata ɗaya iƙamata ta ƙare.

Da na kira tsohon na gaya masa, ya yi murna, yana juya kofin shayinsa. Ya ce, "Khalid, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekara uku na ƙarshe da na yi a wurinku, nawa hancin ya riga ya tafi. Ba ciwo ba ne, tsufa ne, irin wanda ba ya dawowa. Kai kake faɗa, ni ina gyaɗa kai in sa hannu."

Na ce, "Mista Emon, ai da ka faɗa mini."

Ya ce, "Da na faɗa. Kai da naka ya tafi, kwana uku ka yi ka sauka ka faɗi gaskiya. Ni shekara uku na yi ban iya ba. Abin da zan ce maka kawai, naka ma zai tafi wata rana. Kada ranar ta same ka kai kaɗai a ɗakin."

Washegari na je wajen Abu Nayif na ce ina son mutum biyu in horar. Ya ba ni ɗaya daga cikin masu aikin na'ura, wata 'yar ƙasar nan mai suna Nura, wadda ta karanta ilimin sinadarai kuma da farko ba ta yarda hanci na iya gaya wa na'ura komai ba. Gurbi na biyu har yanzu babu kowa, ga wanda ke ganin zai iya barin goro.

Watan jiya aka kawo mana kofuna daga wani tanki. Na shinshina na ce lafiya lau, na ɗauki biro. Nura ta ce, "Kawu Khalid, dakata. Akwai warin maganin ruwan famfo a ƙarshe." Na sake ɗagawa, na ɗiga ruwa, na jira. Ban ji ba. Na ce a duba matatar ruwa. Aka duba, gawayin cikinta ya gaji, ya fara barin maganin yana wucewa.

Ta miƙo mini takardar in sa hannu a layin farko kamar kullum. Na mayar mata na ce ta fara. Ta rubuta sunanta, ni kuma na rubuta nawa a ƙarƙashi.